Masu Bin Sawun Asali a Ƙasar Adar

Wanda ya tashi daga Madawa ya nufi Buza, ya haura zuwa Keita, ƙasa iri biyu zai yi ta ratsawa. A sama fako ne, jan dutse da tsakuwa, inda ko akuya sai ta sha yawo kafin ta cika ciki. A ƙasa kuma kwari ne, Tarka da Majiya da kwarin Keita, inda ake noman albasa da dawa, inda layukan dogon yaro da aka fara dasawa a Majiya a 1975 suke tare iska. A jikin tsaunukan, wurin da ruwa ya zaizaye, akan ga farin dutse mai ɗauke da siffar ƙwanson halittun ruwa. A wasu wuraren akan tarar da tarin kashin maƙera, baƙi wuluk, mai nauyi a hannu. Akan kuma wuce kufai, inda ba abin da ya saura sai tsingaron tukwane da rijiyar da ta rufta. Kowane yaro mai kiwo ya san waɗannan wurare. Amma akwai masu wata sana'a da in sun tsuguna a kansu sukan iya faɗin wanne ya girmi wanne, da tazarar da ke tsakani, da kuma inda ya kamata mutum ya ja bakinsa ya yi shiru don shaidar ba ta kai ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni a aikinsu.

A jami'a ana kiran fannin anturofoloji, ilimin sanin ɗan Adam: jikinsa, harshensa, zamansa da ƴan'uwansa, da abin da ya bari a ƙasa bayan ya wuce. Franz Boas, Bajamushen da ya koyar a jami'ar Kolambiya ta Amurka tun daga ƙarshen ƙarni na 19, shi da almajiransa suka tsayar da shi a kan rassa huɗu, wato nazarin al'ada da zamantakewa, nazarin harshe, tonon kufai, da nazarin ƙashi da jini. Faransawa, waɗanda Nijar ta gaji tsarin karatunsu, sun fi son raba rassan gida-gida, kowa da tsangayarsa. Sunan ne sabo, sha'awar ta daɗe. Al-Biruni ya koyi harshen malaman Indiya kafin ya rubuta littafinsa a kansu wajen shekarar 1030. Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353 ya rubuta abin da ya gani na tagulla da ciniki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashe da asalin mutanensu. Sai dai fannin yana da tabonsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. A zamanin mulkin mallaka an yi amfani da shi wajen auna kawunan mutane da jera ƙabilu sama da ƙasa, an kuma yaɗa ƙaryar cewa duk wani abin kirki da aka gani a ƙasar baƙar fata wani farin baƙo ne ya kawo shi. Waɗanda suka rushe wannan ƙarya daga baya, da hujja, su ma ƴan fannin ne.

Sharaɗin farko na reshen al'ada shi ne zama. Bronislaw Malinowski ya kafa wannan ƙa'ida bayan ya daɗe a tsibiran Turobiriyan a lokacin yaƙin duniya na farko: ka je ka zauna, ka koyi harshe, ka ci abin da ake ci, ka ga banbancin abin da mutane ke cewa suna yi da abin da suke yi. A Adar, wadda ta fi kowa suna a wannan zama ita ce Nicole Echard, Bafaranshiya, wadda ta fara aiki a ƙauyukan yankin a shekarun 1960. A 1975 aka buga littafinta kan tarihin manoman Hausawan Adar a Yamai, cikin jerin littattafan cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH. A shekarar nan kuma, cikin jerin nan, Djibo Hamani ya fitar da nasa kan Adar kafin zuwan Turawa.

Ga yadda aikin yake in an matso kusa. Mai bincike ba ya faɗa wa gari da tambaya. Sai ya fara gaida mai gari, a ba shi masauki, a sha hura, a yi kwanaki ana hirar damina da farashin albasa. In lokaci ya yi, ya kai goro wurin dattijon da aka ce shi ya san na da. Ko a nan ma ba ya cewa, Baba, ba ni tarihin garin nan, don wannan tambayar amsarta a shirye take, an sha ba wa baƙi ita, ta yi sumul. Ƙanana yake bi. Wa ya gina rijiyar farko? Gonar wa ta fi kusa da gari? Wane gida ke fara shuka, ko ke yanka in za a buɗe daji? Ina ake binne mutanen gidan kaza? Yana ji yana zana layi a takarda, alama mai kusurwa uku ga namiji, da'ira ga mace, layi a kwance ga aure, layi a tsaye ga haihuwa. Kafin la'asar takardar ta cika da sunaye. Washegari sai ya tafi wurin tsohuwar gidan, don mata ne ke riƙe da wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo ta, wa ya sha nonon wa. Daga nan ya nufi gidan da ba sa ga maciji da na farko, ya sake tambayoyin daga tushe, fuska ba yabo ba fallasa, kamar bai taɓa jin komai ba.

Labaran ba za su zo ɗaya ba, kuma gwani ba ya jin haushin haka. Aikinsa irin na alƙali ne da shaidu suka cika masa zaure: kowa yana da abin da ya gani, yana kuma da abin da yake karewa. Gidan sarauta zai tsawaita jerin kakanninsa. Gidan da ya zo daga baya zai manne asalinsa da na wanda ya tarar. Akwai kuma abin da masana suka lura da shi a ko'ina a duniya, cewa jerin kakanni yakan tsuke a tsakiya: ana riƙe wanda ya kafa gari, ana riƙe uba da kaka da kakan kaka, amma na tsakani sukan zube, har mutumin da ya rayu shekara 300 da suka wuce ya koma kamar kakan jiya. Don haka ba a ɗaukar lissafin shekara 30 ga kowane tsatso a rufe ido. Sai an nemi turaku da za a ɗaure labarin. A ƙasar Hausa turakun nan galibi masifu ne masu suna. In tsoho ya ce an haifi ubansa shekarar Kakalaba, an san yunwar 1913 zuwa 1914 yake nufi. In ya ce lokacin yaƙin Kawusan, 1916 zuwa 1917 ke nan. In mace ta ce an yi mata aure shekarar El-Buhari, ta ba ka 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Da irin waɗannan ake mayar da hira ta zama tarihi mai kwanan wata.

Adar ta dace da wannan gwaninta domin ƙasa ce da mutane suka zo suka tarar da mutane, sau da yawa. Akwai Azna, manoma da maharba, waɗanda wasunsu ke cewa kakanninsu a kogunan dutse suka fara zama, ba daga ko'ina suka zo ba. Akwai sarautar da ta samo tushe daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe sarautar Adar a Illela. Akwai Lisawan da sarautar Keita ke hannunsu. Akwai Kel Geres da suka gangaro daga Abzin suka zauna wajen Madawa, a Galma da Azarori. Akwai Gobirawa, akwai Fulani. Kowane rukuni da irin yadda yake ba da labarin jiya, har Echard da Pierre Bonte, wanda ya yi nasa zaman cikin Kel Geres, suka rubuta maƙala tare a 1976 suna gwada yadda Hausawan Adar da Kel Geres suke kallon abin da ya wuce. Mai gaggawa zai ji an ce kakanmu daga rami ya fito, ya yi dariya ya wuce. Gwani kuwa zai tambayi kansa me wannan magana take yi a garin. Sai ya gane cewa hujjar mallakar ƙasa ce: wanda ya fito daga cikinta ba wanda zai ce ya riga shi, don haka ko sarauta ta koma hannun baƙo, sha'anin ƙasa da iskokinta yana nan a gidansa. Labarin bai faɗi ranar da aka zo ba, amma ya faɗi yadda aka raba iko.

Echard ta kuma bi maƙera, kuma a nan ne reshen al'ada ya miƙa wa masu tonon kufai hannu. A ƙarshen shekarun 1960 ta ɗauki fim na yadda maƙeran Adar ke narka tama su fitar da ƙarfe, ta sa masa sunan da ke nufin bikin auren wuta, domin maƙeran da kansu da harshen aure da haihuwa suke kwatanta aikin. Sana'a ce da ta riga ta kama hanyar mutuwa a lokacin, tun da ƙarfen Turawa da ɓaraguzan mota suka cika kasuwa, maƙeri ya ga ba dalilin kwana a daji yana fama da dutse. Wanda ya san yadda ake yin aikin, daga haƙo tama, da ƙona gawayi na itace mai ƙarfi irin ƙirya, da gina tanderu na laka da bututunsa na shigar iska, shi zai iya tsayawa kan tarin kashin maƙera ya karanta shi. Siffar dunƙulen tana nuna ko dattin ya kwarara waje ne ko ya taru a rami ƙarƙashin tanderu. Gutsuren bututun laka da bakinsa ya narke ya zama kamar gilashi yana nuna zafin da wutar ta kai, wanda yakan haura digiri 1,100. Yawan tarin yana nuna ko ƙarfen garma da lauje na gari ɗaya aka yi, ko na kai wa kasuwa.

Sai maganar shekaru. Duk abu mai rai yana shan wani nau'in sinadarin kabon daga iska, wanda ake kira kabon 14. Ran da ya mutu shan ya tsaya, abin da ke jikinsa ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Willard Libby ya gano yadda za a yi agogo da wannan a ƙarshen shekarun 1940. Ɗan gawayin da ya maƙale cikin kashin maƙera, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya isa a kai ɗakin gwaji a auna. Amma ga inda gwaninta take: abin da awon ke faɗa shi ne lokacin da itacen ya mutu, ba lokacin da maƙeri ya hura wuta ba. A ƙasa mai bushewa irin tamu kututture yakan yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba, maƙeri ya zo ya tsince shi ya yi gawayi. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau ake jayayya kan Termit, a gabashin Nijar, inda wasu masana suka ce an san ƙarfe tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu suka ce a dakata, a tabbatar gawayin da ƙarfen zamaninsu ɗaya. Mai tonon kirki shi ya sa yake tafiya a hankali, da ɗan cokalin magini da buroshi, yana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, yana rubuta zurfin kowane abu kafin ya ɗaga shi. Tukunyar da aka ciro ba a rubuta inda take kwance ba ta zama kayan ado kawai. Abin da ya sami Bura ke nan a yammacin Nijar: bayan Boubé Gado ya tona wurin a 1983, duniya ta ga kyan gumakan lakar, ɓarayin kayan tarihi suka afka wa yankin suna haƙa don sayarwa, suka lalata abin da ba zai gyaru ba.

Harshe ma shaida ne, kuma shi ba ya ɓuya a ƙasa. Bernard Caron ya buga nahawun Adaranci a 1991. Ba'adare yana cewa munka tahi, sunka zaka, gidanai, biyat, inda Bakano zai ce muka tafi, suka zo, gidansa, biyar. Ƴan birni sukan yi wa wannan dariya, alhali masana harshe suna ganin karin yamma ya riƙe tsoffin siffofi da dama da Kananci ya sauƙaƙe. In aka ja zaren ya yi nisa, Hausa tana cikin dangin harsunan Chadi, su kuma reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci, da harshen Misira ta da, da harshen Abzinawa, wato Tamajak. Alamar mace da harafin ta, wadda ke cikin Hausa da Larabci da Tamajak, tana cikin gadon gidan. Wato Ba'adare da Ba'abzinen da suke ciniki a kasuwar Tamaske harsunansu ƴan'uwa ne na nesa, tun kafin aron kalmomin da zaman tare ya kawo.

Farin dutsen nan mai ƙwanso fa? Shi ne ya fi ruɗin baƙo. Shaida ce cewa teku ta taɓa kwanciya a nan, wadda ta ratsa Sahara, kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce. Irin dutsen ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato. Amma mai neman asalin mutum ba zai ɓata lokacinsa a cikinsa ba, don ya san ya girmi duk wani abu mai kama da mutum nesa ba kusa ba. Sanin inda ba za a tona ba rabin sana'ar ne. Ana neman ƙasa mai shekarun da suka dace, wadda ruwa ya taɓa binnewa da laka, iska kuma ta tone ta yanzu.

Irin wannan wuri aka samu a maƙwabta. Ranar 19 ga Yulin 2001, a hamadar Jurab ta arewacin Chadi, wani ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, yana aiki cikin ayarin Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kai da aka sa wa suna Tumai. An ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Kabon 14 ba ya aiki a nan, don ƙarfinsa bai wuce shekara 50,000 ba; da ƙasusuwan dabbobin da ke kwance tare da shi aka fara kimantawa, daga baya aka auna wani sinadari na cikin ƙasar wurin. Dubi abin da gwani ke dubawa a ƙoƙo ɗaya. Mazaunin ƙwaƙwalwa ƙarami ne, bai wuce na biri ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na namu. Amma fiƙoƙinsa gajeru ne, ba irin zaƙo-zaƙon na biri ba. Sannan ramin da lakar baya ke shiga kai ya matso ƙasa sosai, kamar na halittar da kanta ke zaune bisa wuya a tsaye, ba na mai tafiya da ƙafa huɗu da ramin ke can baya ba. Daga wannan aka ce mai yiwuwa da ƙafa biyu yake tafiya. Wasu masana ba su yarda ba, kuma ƙashin cinyar da aka samu a wurin ya ƙara hura gardamar a 2020 da 2022. Kafin Tumai hankali duk yana gabashin Afirka, inda aka sami ƙwarangwal ɗin da aka sa wa suna Lusi a Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2, da sawun ƙafa a tokar dutse mai aman wuta a Layetoli ta Tanzaniya, mai shekara miliyan 3.6. Tumai ya fito kilomita 2,500 yamma da can. A 2017 kuma aka nuna cewa ƙasusuwan Jabal Irhud a Maroko, masu fuska irin tamu, sun kai shekara 300,000.

Na san mai karatu zai ce, to ina aka bar Annabi Adamu? Tambaya ce ta gaskiya, kuma malamai Musulmi sun yi rubuce-rubuce a kanta, ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. Abin da ya kamata a sani shi ne me masu ƙashi suke faɗa, don kada a yi musu da abin da ba su ce ba. Ba su ce birin da ke cikin daji yau shi ya haifi mutum ba. Cewa suka yi jikin mutum da na wasu manyan birai suna komawa ga tsatso ɗaya mai nisa, kuma abin da ke hannunsu ƙashi ne da haƙori da ƙwayar halitta. Ba su da ma'aunin rai, kuma nagarinsu ba ya da'awar yana da shi. Akwai kuma abin da bincikensu ya tabbatar wanda ya kashe tsohuwar ƙaryar fifikon fata: duk mutanen da ke duniya yau tushensu ɗaya, daga Afirka, kuma banbancin ƙwayar halitta da ke tsakanin ƴan Afirka kansu ya fi na sauran duniya yawa. Reshen nan yana da amfani na kusa ma. Shi ya bayyana dalilin yawan sikila a inda zazzaɓin sauro ya yi katutu, tunda mai ɗauke da rabin gadonta yakan fi jure zazzaɓin, da dalilin da ya sa makiyaya da yawa ke shan ɗanyar madara har tsufa ba ta ɓata musu ciki.

Nijar tana da nata wurin da ƙashi ya yi magana dalla-dalla. A 2000 ayarin Paul Sereno, suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da a Tenere, suka faɗa kan maƙabartar Gobero. Kaburbura kusan 200 a bakin tafkin da ya ƙafe. Mutanen farko dogaye ne masu ƙarfin ƙashi, masu kamun giwan ruwa da mashin ƙashi, sun zauna daga kimanin shekara 7,700 zuwa 6,200 kafin haihuwar Annabi Isa. Fari ya kore su. Bayan shekara 1,000 ruwa ya dawo, wasu mutane masu siraran jiki suka zo suka binne nasu a tudun nan. An sami yarinya da awarwaron haƙorin dorina a dantse. An sami mace da yara biyu a kabari ɗaya, suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe, kuma ƙurar fure da aka gano a ƙasar kabarin ta nuna a kan furanni aka kwantar da su. Daga gaɓoɓi da haƙora ake gane shekarun mamaci, daga ƙugu ake gane mace ce ko namiji, daga layukan da ke jikin haƙori ake gane ko ya sha yunwa yana yaro.

Kada a ɗauka sana'ar ta matattu ce kawai. A 1984, shekarar fari, aka buɗe furojen Keita, da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar noma ta duniya, FAO, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar abinci ta duniya, PAM. An yi ganuwar dutse a fako, an tona ramukan tare ruwa a jikin tsauni, an gina madatsai, an dasa itatuwa masu ɗimbin yawa, har aikin ya zama abin nuni ga baƙi. Injiniya yana ƙirga hekta. Benedetta Rossi, ƴar Italiya, ta zo a shekarun 1990 da wata tambaya dabam: su wa ke ɗaukar dutsen? Mafi yawansu mata ne, don maza sun tafi cin rani Najeriya da wasu ƙasashe. Kuma ba kowace mace ba. Wadda gidansu ke da hali ba ta fita rana don mudun abinci. Da ta bi zaren ta tarar da yawa daga masu fitar talakawa ne, cikinsu har da zuriyar waɗanda aka bautar a da. Littafinta na 2015 ya bi tarihin Adar daga 1800 zuwa 2000, daga bauta, zuwa aikin tilas na Faransawa da aka soke a 1946, zuwa aikin agaji, yana nuna yadda masu iko ke canzawa amma wahalar samun ƙwadago a ƙasa mai ƙarancin amfani take barin nauyin a kan waɗanda ba su da zaɓi.

Wannan bincike ya fi tonon ƙashi haɗari, don mai ƙashin yana raye, yana da ƴaƴan da za su nemi aure. Ba a tambayar mutum ko shi bawa ne. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003, amma kalmar tana nan da dafinta, takan rushe baiko, takan hana limanci. Gwani yakan jira har a ba shi labarin don an yarda da shi, wani lokaci bayan shekaru, kuma in ya zo rubutawa yakan sauya sunan mutum da na ƙauye. Yakan bar wani abin da ya sani bai rubuta ba sam, in ya ga zai tona asirin wanda ya ba shi masauki.

Abin da ya rage mai ciwo shi ne harshen da aka adana duk wannan a ciki. Littafin Echard da na Hamani da na Caron da Faransanci suke, na Rossi da Ingilishi, alhali da Hausa da Tamajak aka ba da labaran. Jikan dattijon da ya zauna ya lissafa kakanninsa a Garhanga ko Ibohaman, in bai yi lakwal mai zurfi ba, ba zai iya karanta abin da kakansa ya faɗa ba. Masu binciken ƴan ƙasa dai suna ƙaruwa. Tun 2001 cibiyar LASDEL a Yamai take horar da matasa su zauna a asibiti da kotu da ofishin magajin gari da irin kunnen da ake zama da shi a zauren mai gari, kuma jami'ar Tawa yanzu sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi. Ɗalibin da ya fito daga Buza ko Keita ba ya buƙatar tafinta, ya kuma san gidan da ake fara gaisarwa. Tasa wahalar ita ce kowa ya san ɗan gidan wane ne, kuma akwai tambayar da za a amsa wa baƙo a hana shi.